Ƙarfen Da Ba Ya Son Tsayuwa

Ku samarin da kuke zuwa ƙofar gidan nan kuna cewa a sa muku manyan bawul don mota ta tashi sama, ku nemi wuri ku zauna. Kun ɗauki abin kamar sauya hula, a cire ƙarama a kafa babba. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma kawunan injin da suka bi ta tafin hannun nan, da za a jera su a bakin hanya, da sun kusa haɗa Karaye da Rogo. Abin da hannu ya taɓa shi zan gaya muku, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, makanike ne, garejinsa bango ɗaya da gidanmu. Wata rana ina burga miyar kuka a tsakar gida, ya shigo ɗaukar buta, sai ya tsaya yana kallon yadda maburgi ke juyawa tsakanin tafukana. Washegari sai ga shi da kan inji a kafaɗa, wanda suke kira tof, ya dire shi a bakin tabarmata. Ya ce, "Yarana gaggawa ta yi musu yawa. Ke kuwa ko miya ba kya bari da gudaji. Gwada wannan." Daga ranar na zama mai gurzar bawul. Ina cikin gida, ba na leƙa garejin. Aiki ya shigo ta zaure, ya fita ta zaure.

Kayan aikina ba su cika faifai ba. Sanda mai roba a baki, wadda ke kama kan bawul. Ƙaramin gwangwani na maiko mai yashi-yashi, baki ɗaya mai kaushi, ɗayan mai laushi. Sai tsumma, kananzir da magagari. Bawul kamar ƙusa yake mai faffaɗan kai, shi ne ƙyauren da ke buɗe wa inji ya shaƙi iska da mai, ya rufe, ɗan'uwansa kuma ya buɗe hayaƙi ya fita. Za ka shafa maikon a leɓensa, ka zaunar da shi a mazauninsa, ka yi ta murza sandar kana ɗagawa kana juyawa. Kunne ke gaya maka an kai. Da farko ƙara ce kamar ana tauna tsakuwa, a hankali ta koma kamar ana shafa tabarma. In ka gama ka zuba kananzir a ramin, ka tafi ka yi sallah. Ka dawo ka tarar ko ɗigo ɗaya ya tsiyayo, ka koma farko. Duk wanda ya ce maka aikin nan mai sauƙi ne, ka ce ya buɗe tafin hannunsa ka gani.

Gurza ma ƙaramin abu ce a kan zaɓe. Abu uku Malam ya koya min, ya ce 'yan ɗaki ɗaya ne, ba a raba su. Bawul ƙofa ce. Kamshaf, doguwar sandar ƙarfen nan mai tozaye a jere kamar bijimai sun yi layi, shi ne mai tsaron ƙofa: tsayin tozo shi ke faɗin yadda ƙofar za ta wangale, faɗinsa kuma shi ke faɗin jimawar da za ta yi a buɗe. Kafireta da bututun da ke ƙarƙashinta su ne maƙogwaro. In ka faɗaɗa ƙofa ka bar maƙogwaro a tsuke, ka yi ɓarnar ƙarfe. In ka wangale duka, iska sai ta yi kasala, motar ba za ta ja ba sai inji yana kururuwa. A kan kwalta ba mai kamo ta, amma ka ɗora mata buhunan masara ka shiga yashin hanyar Fulatan, mai jaki zai wuce ka yana yi maka sannu. Shi ya sa duk direban da ya zo neman gudu, Malam sai ya tambaye shi me yake ɗauka, wace hanya yake bi, kuma wa yake ciyarwa a gida. Tambayar ƙarshen nan ita ke sa wasu su sunkuyar da kai su ce a bar musu injin yadda yake.

Gudu kuwa ana nemansa, ba don wasa ba. Lokacin tumatir, a-kori-kurar da ta fara isa kasuwa ita ke tarar da dillalai da yunwarsu, ta ƙarshe ta tarar rana ta riga ta dafa mata kaya. Mun yi wa da dama abin da ya dace. A ɗan ƙara girman bawul ɗin shiga, a kai kan inji Kano a yanko mazauni, ya dawo in goge ramukan su yi sumul, a bar kamshaf mai matsakaicin tozo. Mota ta yi lafiya, mai ita ya tsufa.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, sababbin kayan gyara suka ɓace daga kantuna. Komai sai daga gawar mota. A nan kasuwar Tanko mai gwangwan ta buɗe. Shi aikinsa bin inda aka yi hatsari. Ba ya taɓa motar da aka rasa rai a cikinta sai an yi sadakar uku, daga nan sai ka gan shi da amalanke da sifanu. Malam ba ya ƙaunar kayansa, amma in ba ka ci naman ba, ba wani a kasuwa. Doka ɗaya ya kafa min: duk ƙarfen da ya fito daga motar da ta ci rai, in ya shigo hannuna, in yi masa tsaga ɗaya da magagari a gindi, inda ba ya aiki, don mu gane shi in ya sake zagayowa.

Wata rana da hantsi Tanko ya yi sallama daga zaure.

"Uwar gida, barka da aiki. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Wa aka rasa kuma?"

"Haba, uwar gida! Kullum kika ji muryata sai ki tambayi gawa, sai ka ce ni ne mai haƙar kabari."

"Mai haƙar kabari ya fi ka, Tanko. Shi binnewa yake yi, kai tonowa."

Ya yi dariya, ya turo wani abu a naɗe cikin buhu. Ya ce daga wata jar mota ce mai gajeren ƙafa, ta wani baƙo, a hanyar Gwarzo. Motar ta naɗe kamar tabarma, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce tasa ce. Na warware buhun. Kamshaf ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Tozayensa dogaye, kafaɗunsu faffaɗa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Abin da ya fi tsaya min shi ne ɗuminsa. A inuwa aka kawo shi, cikin buhu, amma da ɗumi kamar daga hammatar mutum aka zaro shi. Na ɗauki magagari na yi masa tsagarsa. Sai da ya yi ta zamewa kafin ya kama.

Haruna direba, mutumin Tudun Kaya, shi ya gan shi ya maƙale. Mutum ne mai fara'a, goro kullum a kunci, Yaya yake kirana. Da Malam ya tambaye shi wa yake ciyarwa, sai ya daki ƙeyar motarsa ya ce, "Ga ta nan, ita ce mai cin da yawa." Malam kansa yana so ya ji abin da ƙarfen zai yi, makanike ba ya ganin baƙon abu ya kawar da kai. Aka sa manyan bawul, ni na gurje su. Aka ɗora kafireta mai maƙogwaro biyu, ita ma daga jar motar.

Ina tankaɗe aka tayar da injin. Ni na san muryar inji ta bayan bango kamar yadda uwa ke sanin kukan ɗanta a cikin taro. Lafiyayyen inji in yana tsaye, magana yake yi daidai, kamar mai jan carbi. Wannan kuwa haki yake yi, ya ja, ya tsaya, ya sake ja da kakari, irin numfashin da na ji a bakin kakata ranar da aka juya ta gabas. Kajin tsakar gida suka shige akurki da rana tsaka. Na ajiye rariya, ban iya ƙarasa tankaɗen ba.

Haruna ya zama na farko a kasuwa, ba mai ganin ko hayaƙinsa. Ya zo zaure yana ɗaga murya.

"Yaya, aljana kuka haifa min! Aibinta ɗaya, ba ta son tsayuwa. Takun birki na farko ta ji, na biyu ta yi gardama, na uku sai ka ce dutse ka taka."

"To ka dawo da ita a cire ƙarfen nan."

"Bayan tumatir, Yaya. Wa ke sauke tukunya tana tafasa?"

Bai kai bayan tumatir ba. A kwanar kwalbatin da ke kafin garinsu ne, ranar kasuwa, rana tsaka, hanyar da ya sani tun yana rarrafe. Waɗanda suka je wurin sun ce ko alamar jan taya babu a ƙasa.

Malam ya daɗe yana juya abin kafin ya yi min bayani. Ya ce birkin irin waɗannan motoci aron numfashi yake yi daga maƙogwaron inji, akwai robar da ta haɗa su. Kamshaf mai faffaɗan tozo yana barin ƙofar shiga da ta fita a buɗe tare, zuƙar inji ta yi rauni, birki ya nemi aro ya rasa. Na yarda da wannan bayani, ku ma ku riƙe shi, don gaskiya ne. Amma bai gaya min dalilin da motar Haruna ta tsage gida biyu, kan injin da na gurza ya fashe, Tanko kuwa ya dawo da kamshaf ɗin bayan sadakar uku yana sheƙi kamar ba a taɓa ɗaura shi ba. Na yi masa tsaga ta biyu. Malam ya ce wa Tanko ya jefa shi a kogi.

Tanko ya ce, "Malam, ƙarfe ba ya laifi. Kwana ne in ya ƙare, ko a kan jaki sai a tafi."

Ya kai shi wani gareji a Rogo. Damina ɗaya aka yi, muka ji labarin wani direba na Fulatan. Wata mai tallan nono da ke cikin motar ta tsira da karaya, kuma takan shigo gidan nan. Ita ta ce min ta ga direban ya miƙe tsaye a kan birki da ƙafa biyu yana salati. Ta ce bayan komai ya lafa, tana kwance a cikin gero, mutane ba su iso ba tukuna, sai ta ji injin yana ta numfashi shi kaɗai.

A shekarar ne Malam ya kwanta, bai tashi ba. Ƙaninsa Isa ya riƙe garejin, aiki ya ci gaba da shigo min ta zaure. Shekaru suka tura, aka fara aikin dam, motoci suka yawaita, na manta da ƙarfen, ko in ce na daina tuna shi da rana.

Yanzu sai in gaya muku wani abu da ba na inji ba, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane sauran ba. Ɗana na fari direba ne. A gidanmu, kamar yadda muka tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Kakarsa ce ta goya shi. In ya shigo gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, in amsa ina kallon wani wuri. In ina da magana da shi, sai ta bakin wani. Tun ranar suna har ya yi gemu ya ajiye iyali, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Ku na yanzu kuna ganin wannan ƙauyanci ne. Mu a wurinmu kunya ce, kuma kunya ba ƙiyayya ba ce.

Ɗan nawa ya sayi a-kori-kura ta hannu, lokacin tumatir na gabatowa. Wata safiya matarsa Rabi ta shigo da kan inji a ka, da wani abu a naɗe cikin buhu a hammata.

"Inna, wai in ji shi a gurje masa manyan bawul. Wai ya samo wani abin arziki a Rogo."

Tun kafin in warware na ji ɗumin ta cikin buhun. Na kai yatsa gindinsa. Tsagata ta farko tana nan, ta biyu tana nan. Kusa da su akwai ta uku, irin zurfinsu, irin karkatarsu, kamar da magagarina aka yi ta, alhali ƙarfen bai shigo hannuna ba bayan mutumin Fulatan, kuma makanikan Rogo ba su san wannan doka ba. Daga gefenta kuma ga wata 'yar siririya, an fara ba a ƙarasa ba. Mai yiwuwa gogayyar ƙarafa ce a tulin Tanko. Ban ce a'a ba.

Na ce, "Rabi, koma ki ce wa mai gidanki wannan ƙarfen ya ci mutum uku. Ya mayar wa wanda ya sayar masa."

Ta je ta dawo tana murza bakin mayafi. "Wai in ce miki, Allah ya huci zuciyarki, ƙarfe ba shi da haƙori. Wai waɗancan ba su iya tuƙi ba ne."

"Ce masa birki ba zai kama ba."

Ta sake dawowa. "Wai ya sa sabon birki. Inna, wai in kin gaji ne, kada ki wahalar da kanki, zai kai Rogo a haɗa masa." Ta yi ƙasa da murya. "Inna, ni dai ga yara uku. Ni ba ya jin tawa."

Na aika wa Isa. Isa ya ce ya yi magana har bakinsa ya bushe, yaron ya ce baffa tsufa ne ya kama shi. To, in na ƙi aikin, Rogo za a kai, a haɗa shi yadda aka haɗa wa na Fulatan. Sai na karɓa, na ce zan ɗaure ƙarfen da dabara. Na mayar da ƙananan bawul, na sa Isa ya bar masa kafireta mai maƙogwaro ɗaya, ko iska ta matsu ta yi sauri, zuƙa ta dawo, birki ya samu abin ara. Ban taɓa gurza irin ta wannan karon ba. Kananzir ya wuni a ramukan, ko danshi bai fito ba.

Ranar da za a tayar, na zauna a gindin bangon da hantsi, ba na komai. Na ji an murza makulli. Injin ya kama.

Haki ne. Ya ja, ya tsaya, ya ja da kakari. Duk dabarata ko gezau bai yi ba, muryar nan ce ta motar Haruna ba ragi. Kaji suka nufi akurki. Ta bayan bango na ji direbobi suna shewa, wani yana cewa, "Gobe sai dai a ga ƙurarka!" Na ji dariyar ɗana a cikinsu, ya ce bari ya ɗan taɓa ta zuwa Tudun Kaya ya dawo.

Na ja mayafi na bi ta zaure. Shekarun da na yi ina yi wa garejin nan aiki, ranar na fara ganin cikinsa. Ashe ƙarami ne. Maza suka dare, wasu ba su ma san ni ba. Isa ya saki sifana ya ce, "Yaya, lafiya? Wa ya mutu?" Ban kula shi ba. Ɗana yana zaune a mazaunin direba, ƙafa ɗaya a waje, hannu a kan giya. Na tsaya a gaban motar, na dube shi tsakiyar ido, na ce:

"Sulaimanu."

Ban ɗaga murya ba, amma duk da ƙarar injin kowa ya ji. Wani dattijon direba ya ce, "Inna lillahi," ya juya baya don kada ya gani. Fuskar yaron ta yi fari fat kamar wanda aka kira daga cikin rami. Ya kashe makulli, ya zare shi, ga shi a hannunsa kowa na gani, amma injin bai mutu ba. Ya ci gaba da ja yana kakari, motar tana girgiza a gabana, sai can ya yi wata doguwar ajiyar zuciya ya yi shiru.

Ya sauko ya durƙusa a cikin baƙin mai, ya ce, "Inna."

Na ce, "Cire shi. Da hannunka."

Bai jira ya huce ba. Ya kwance shi da zafinsa har tafinsa ya sale, ya naɗe shi a rigarsa, ya bi ni da shi har ƙofar ɗakina. Ba wanda ya yi dariya. Mata sun yi ta maganar a unguwa, wai na zubar da kunyata a gaban maza. Sun faɗi gaskiya, na zubar. Tun daga ranar kuma ban sake kiran sunan ba sai yau da nake ba ku labari.

Motar na haɗa masa ita yadda Malam zai haɗa: bawul ɗin shiga ya ɗan ɗara, ramuka sumul, kamshaf mai matsakaicin tozo. Bai taɓa zama na farko a kasuwar tumatir ba. Yau ga shi can da furfura, jikokinsa na hawa masa wuya.

Ƙarfen kuwa na kai wa maƙeri don ya mayar da shi fartanya, ya juya shi a hannu, ya miƙo min ya ce wutarsa ba ta cin irin wannan. Ban jefa shi a dam ba, don ruwa yana janyewa, masunta kuma suna da 'yan'uwa direbobi. Yana bayan ƙofata, shi ke tokare ƙyaure. Damina nawa ta wuce a kansa, ƙusoshin ƙyauren sun yi tsatsa an sauya su, shi ko ɗigo. Ɗan Tanko, wanda ya gaji amalanken ubansa, ya zo tambayarsa har sau biyu, ban san wa ya gaya masa ba. Na riga na faɗa wa Rabi, ranar da aka fitar da ni, kafin a dawo daga maƙabarta, a kwaɓa siminti a dulmiya shi a ciki.

Kafin nan dai ni ke gadinsa. Kullum da safe in na idar da sallah nakan kai yatsa gindinsa in shafa. Tsaga uku ce, da wadda aka fara. Har yau ba ta ƙarasa ba.

Wanda ke son gudu a cikinku ya matso, ya fara gaya min wa yake ciyarwa a gida.